Marigayi Tabish Zai Yi Wasa Ranar Lahadi

Shekara ashirin da shida ina rubuta sanarwar mutuwa a shafi na bakwai na jaridarmu, a nan Gujranwala, ban taɓa binne mai rai ba sai a watan Maris ɗin da ya wuce. Wanda na binne ɗin kuwa ɗan yayata ne.

Wanda bai san aikina ba zai ce ba shi da wuya. Dangin mamaci su kawo suna da hoto, ni kuma in zuba masa kyawawan halaye. Marowaci ya koma mai tattali, masifaffe ya koma mai faɗin gaskiya, wanda ya shekara talatin ba ya gaisawa da maƙwabcinsa ya koma mutum mai kamun kai. Ba wanda ya taɓa dawowa ya ce na yi masa ƙarya. Samarin ofis masu gashi a tsaye suna kirana Sadaqat Innalillahi idan sun ɗauka ba na ji. Ina ji sarai, kuma na san wata rana ta hannuna za su bi.

Ranar wata Laraba editarmu, Madam Nuzhat, ta kira ni ofishinta.

"Sadaqat sahib, yarinyar da ke mana shafin nishaɗi ta tafi haihuwa. Akwai wani mai barkwanci da zai fara zagayen garuruwa daga nan ranar Lahadi. Ina son kalma ɗari huɗu kafin wasan, mutane su san abin da za su je su gani."

Na ce, "Madam, ni waɗanda nake rubutu a kansu sun riga sun gama wasa."

"Shi ya sa na zaɓe ka. Sunan wasan Sadakar Arba'in, daga farko har ƙarshe maganar mutuwa ce. Kuma an ce kai kawunsa ne."

An faɗa mata gaskiya. Tabish ɗan yayata Shamim ne, Allah Ya jiƙanta. Ubansa, Haji Karamat, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma shi ke wanke duk namijin da ya mutu a unguwarmu tun kafin in yi aure. Kyauta yake yi, ko shayi ba ya sha a gidan mutuwa. Mutum ne mai magana ɗaya. In ya ce yau ba za a yi ruwa ba, aka kuma yi, to ba zai buɗe lema ba, haka zai dawo gida sharkaf.

Shekara bakwai da suka wuce, 'yan watanni bayan rasuwar Shamim, Tabish ya tsaya a wani gidan shan shayi a Lahore ya ba da labarin zaman makokin uwarsa. Ya kawo goggon da ta suma har sau uku, kowane karo daidai ƙarƙashin fanka. Ya kawo baffan da ya yi kuka har ya shiɗe, sannan ya ɗago kai ya tambaya ko cinyar kaza ta ƙare. Wani ya ɗauka a waya, cikin mako guda duk Punjab ta san goggon nan. Ni kaina na yi dariya, amma a banɗaki na yi, don duk abin da ya faɗa a kan idona ya faru.

Haji Karamat bai yi dariya ba. Ya tara dangi, ya sa yaron a gaba, ya rantse da Allah ba zai ƙara kallon fuskarsa ba sai dai a kwance cikin likkafani. Limamin unguwa ya yi ta bin sa yana cewa ya ciyar da miskinai goma rantsuwar ta warware. Haji ya ce shi bai rantse don ya warware ba. Tun daga ranar, in Tabish ya zo garin, a gidana yake sauka, ya tsaya ta taga yana kallon ubansa yana wucewa masallaci. Abin nan yana ci mini rai, kuma duk wayona na rubutu ban san yadda zan gyara shi ba.

Ranar Alhamis bayan azahar na je kallon gwajin wasan. Zauren da suka kama na biki ne, shi ya sa aka sa wasan ƙarfe biyar na yamma, don ƙarfe takwas akwai amarya. Ko'ina ƙamshin shinkafar biriyanin jiya da furannin roba. A tsakiyar dandamali an ajiye gadon igiya, a kai ga mutum naɗe cikin farin yadi, an zuba masa jajayen furanni. Wata mata mai gajeren gashi tana ɗaure masa ƙafafu, tana yi tana duba wayarta.

Gawar ta ɗago kai ta kira ni yadda ake kiran kawu a nan, ta ce, "Mamu! Kai aka turo? Ashe da gaske na mutu."

"Kwanta, mara kunya. Ko matattun gaske sun fi ka ladabi."

Matar ita ce Hira, mai kula da harkokin tafiyar. Ta bayyana mini yadda ake buɗe wasan. Za a janye labule, Tabish yana kwance ba motsi har minti biyar, mutane su fara tari suna raɗe-raɗe. Sannan ya tashi zaune ya ce, "Na ji wanda ya tambaya ko akwai abinci." Daga nan sai ya warware ya ɗauki awa ɗaya da rabi yana magana.

Na zauna da littafina, na ɗaure fuska yadda ya dace da ɗan jarida. Ya tsaya da yadin a kafaɗa yana yi wa kujeru ɗari shida da ba kowa a kai bayani.

"A garin nan in ka mutu, mutum ɗari biyu za su tambayi ɗanka, yaya aka yi? Da safe zai ce zuciya ce ta buga. Da azahar ya ce a kan sallaya kake. Kafin la'asar har ka yi murmushi ka yafe wa kowa. Mutuwarka tana ta ƙara kyau, kai kuma ba ka nan balle ka ji daɗinta."

Ban yi dariya ba. Na rubuta "ba laifi."

Ya nuno ni da hannu. "Ga kawuna nan, shi ke rubuta shafi na bakwai. Shekara ashirin da shida ko mugu ɗaya bai mutu a Gujranwala ba. Duk mutanen kirki ne ke tafiya. Mugayen suna nan daram, su ne ma suka sayi layin gaba."

Nan kam tari ya kama ni, Hira ta kawo mini ruwa.

Haka ya yi ta yi, ya bi ta kan masu ɗaukar makara da ke gudu saboda ana wasan kurket a talabijin, da magadan da ke auna ɗakin mamaci da ido suna salati. Sai can kusa da ƙarshe ya zauna a bakin gadon, ya sauke murya.

"Babana mai wankan gawa ne. Kun san yadda yake yi? Yana ɗora ruwa a wuta. Ya sauke, ya sirka, ya taɓa da bayan hannunsa, kada ya yi zafi, kada ya yi sanyi. Ga mutumin da ko an jefa shi a kogi ba zai ce uffan ba. Ya ɗaga masa hannu a hankali, yana cewa yi haƙuri, yi haƙuri. Ni kuwa, a tsakiyar Janairu, bokiti ɗaya daga famfo, shaa, tashi ka tafi makaranta. Ina ɗan shekara takwas na fara kishi da gawa. Wata rana na kwanta a gado na miƙe sambal, na riƙe numfashi, na ce yau dai zan ga yadda ruwan ɗumi yake. Ya shigo ya dube ni, ya ce, in ka gama mutuwa ka je ka sayo madara."

Ya ce a nan ake fin yin dariya. Ni dai na duba littafina na ga ban rubuta komai ba.

Da aka gama na yi masa tambayoyin da Madam ta rubuto mini. Na ce me ya sa mutuwa, duk abubuwan ban dariya da ke duniya?

"Sana'ar gidanmu ce, Mamu. Abba yana wankewa, kai kana rubutawa, ni ina ba da labari. Ni kaɗai ake zagi."

Zan fita na lura da kujerar farko a layin gaba, an manna mata takarda an rubuta "An kama." Na tambayi Hira wane babban mutum ne zai zo. Ta kalli Tabish, shi kuma ya hau naɗe yadinsa kamar bai ji ba. Ta ce a hankali, duk garin da suka je, shekara bakwai ke nan, sai an ware kujerar nan, kuma ba a taɓa zama a kanta ba.

Ya rako ni bakin ƙofa. "Mamu, in ka ga Abba ka ce masa…" Sai ya girgiza kai. "A'a. Kada ka ce masa komai."

Ranar Juma'a na zauna na rubuta kalma ɗari huɗu, kuma har gobe ina cewa masu kyau ne. Na yabi wasan, na gargaɗi masu saurin fushi, na faɗi kuɗin tikiti da garuruwan da za a je, Sialkot da Faisalabad da Multan. Matsalar sakin layi na farko ce. Hannun da ya shekara ashirin da shida yana abu ɗaya ba ya tsayawa neman izini. In na rubuta sunan mutum da sunan ubansa, akwai kalmar da ke zuwa gaba da kanta, kuma ta zo. Ban sake karantawa ba, don ban saba ba. Mutanena ba sa aiko da gyara.

Pervez, mai tsara shafuka, ya ga sunana a kan rubutun, ya ga kalmar, ya ga sadakar arba'in, ya ga hoton da Hira ta aiko na Tabish ido rufe cikin furanni. Ya yi abin da ya saba. Ya datse duk abin da ya wuce layi shida, ya zagaye sauran da baƙin layi, ya sa a shafi na bakwai tsakanin wani ɗan kasuwar shinkafa da wata tsohuwar malamar makaranta. Ga abin da ya fito ranar Asabar:

"Ana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki cewa za a yi Sadakar Arba'in ta marigayi Tabish, ɗan Haji Karamat, gobe Lahadi da ƙarfe biyar na yamma a zauren biki na titin tashar jirgi. Matashi ne mai faɗin gaskiya, wanda bai taɓa barin kowa cikin baƙin ciki ba. Ana roƙon jama'a su zo da wuri saboda wurin zama."

Haji Karamat ba shi da irin wayar nan ta shafawa, kuma a duk jaridar shafi ɗaya yake karantawa, don a nan yake ganin aikinsa. Ƙarfe bakwai na safe aka buga ƙofata. Na buɗe na gan shi tsaye, takalminsa ƙafa ɗaya nasa, ɗaya na banɗaki. A hannun dama jarida, a hagu jakar da yake zuwa wanka da ita, mai sabulu da kafur da auduga da ganyen magarya. Me zai yi da ita bayan kwana arba'in, shi ma na tabbata bai sani ba.

Ya ce, "Kwana arba'in, Sadaqat. Wa ya wanke shi?"

Ban ga jaridar ba tukuna. Na karɓa na duba, sai ga sunan Tabish cikin baƙin layi. Na ja shi ciki na zaunar da shi. Matata ta kawo shayi ta ajiye, ya ture kofin gefe da bayan hannu.

"Ba na sha a gidan mutuwa."

"Bhai sahib, yayana, ka saurare ni…"

"Ban zo faɗa ba. Na san ni na ce kada a kawo mini maganarsa. Abu ɗaya nake tambaya. Wanda ya wanke shi, ya ɗumama ruwan?" Ya matse jakar a cinyarsa. "Yaron nan ba ya son sanyi. Tun yana ƙarami, in ruwa ya taɓa shi haƙoransa har ƙara suke yi. Ina ji. Ni nake zuba masa haka don ya yi ƙwari. Na ce mai rai zai jure, akwai lokaci."

Na shekara talatin da wani abu da sanin mutumin nan. A gabana ya binne matarsa bai zubar da hawaye ba. Ranar ma bai zubar ba, amma gara a ce ya yi, da ya fi mini sauƙin kallo. Kunya da tausayi suka haɗu suka kama ni, na durƙusa a gabansa kamar yaron da ya fasa tulu.

"Bhai sahib, Tabish yana raye. Shekaranjiya na gan shi, har ya zage ni. Sunan wasansa ne Sadakar Arba'in. Ni na yi kuskure, hannuna ne ya rubuta marigayi."

Ya dube ni. Ya dubi jaridar. Agogon bango ya yi ta tafiya, a waje mai kayan miya yana ta kiran farin kabeji. Na jira mari, kuma da ya zo da na karɓa da godiya. Sai kawai ya miƙa hannu ya jawo kofin shayin nan ya shanye tas, har ya nemi ƙari.

Da ya ajiye kofi na biyu ya nuna hoton. "Wannan fa? Me ya sa yake cikin furanni?"

Na faɗa masa yadda ake buɗe wasan, gadon igiya da farin yadi da minti biyar. Maganar ruwan ɗumi kam ban taɓo ta ba.

"A kwance?"

"A kwance."

"Cikin likkafani."

"To, yadi ne dai, kamar likkafani…"

"Wa ke ɗaure shi?"

"Wata mata ce. A waya take dubawa."

Ya rufe ido kamar an taka masa ƙafa. Ya ninke jaridar ya sa a jaka tare da kafur. Ya ce, "Shafin nan naka ya taɓa yin ƙarya?"

Na buɗe baki in ba shi amsa ta gaskiya, wadda za ta ɗauki yini guda, ya ɗaga mini hannu.

"Ni abin da na karanta na sani. An ce ɗana yana kwance. Ƙarfe biyar ka ce?"

Yinin ranar wayata ba ta huta ba. Madam Nuzhat ta kira ƙarfe tara ta ce in zo in kwashe kayana. Ta sake kira ƙarfe ɗaya ta ce tikiti ya ƙare ƙaf, an ƙara kujeru, masu zauren suna tambaya ko zan rubuta musu na mawaƙin da zai zo wata mai zuwa. Goggon nan mai fanka an ce ta sake sumewa, wannan karon a ɗaki mai na'urar sanyi. Tabish ya kira yana dariya har yana shaƙewa.

"Mamu, shekara bakwai ina neman wanda zai tallata ni haka. Ashe kashe ni kawai ya rage." Sai dariyar ta tsaya. "Abba ya gani?"

Na ce ban sani ba. Ƙarya ce, amma na saba yi wa matattu ita. Tsoro nake kada in sa masa rai tsohon ya fasa. Ranar Lahadi aka buga gyara a shafi na biyu, inda ake sa jawabin kwamishinoni, wato inda ba mai dubawa.

Ƙarfe biyar saura kwata ina tsaye a ƙofar zauren sai ga riksha, keken haya mai ƙafa uku, ta tsaya. Haji Karamat ya fito cikin fararen kaya masu guga, jakarsa a hannu, bayansa mutum biyu suna sauke babbar tukunyar biriyani. Ya ce a ajiye nan bakin titi a raba wa duk mabuƙacin da ya zo wucewa, ai sadaka aka ce. Kafin mu shiga na waiga na ƙirga masu miƙo kwano. Sun haura goma nesa ba kusa ba. Na dube shi, ya ɗauke kai yana karanta allon talla.

Hira ta tare mu tana neman tikitinsa. Na nuna mata kujerar farko da haɓa. Ta dubi tsohon, ta dube ni, ta rufe baki da hannu. Ta juya za ta ruga bayan labule, amma an riga an kashe fitilu, kuma ita da kanta ta ɗaure Tabish tun minti goma da suka wuce.

Haji ya cire takardar "An kama," ya ninke ta ya sa a aljihu, ya zauna. Ni na samu wuri a bayansa.

Aka janye labule. Ga gado, ga farin yadi, ga furanni. Zauren ya yi tsit, sai 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Haji ya jure minti ɗaya. Ina ganin wuyansa yana motsi, yana leƙa kai, yana leƙa ƙafafu. A minti na biyu ya kasa.

"Wane jahili ne ya yi wannan aikin?"

Zauren ya fashe da dariya. Ya miƙe da jakarsa ya hau matakala, gwiwa tana ƙara. Masu gadi suka dubi Hira, ta girgiza musu kai. Mutane suka hau tafi, sun ɗauka cikin wasan ne, har wani a bayana yana cewa tsohon nan ya iya, a ina suka samo shi.

Haji ya zagaya gadon sau ɗaya. Akwai ƙaramin makirfo maƙale a ƙirjin Tabish, don haka duk abin da aka faɗa a kansa zauren yana ji.

"Kun miƙe masa ƙafafu yamma, saitin alƙibla. Kai mai jar riga, da kai na kusa da shi, ku hau ku juya gadon nan. Ba dariya na ce ku yi ba."

Samari biyu suka hau suna ƙyalƙyatawa suka juya gadon. Gawar ba ta motsa ba, amma daga inda nake ina ganin yadin yana hawa yana sauka da sauri. Tabish ya gane muryar tun daga kalmar farko.

Haji ya kwance ɗaurin ƙafa. "Wannan ƙulli ne ko buhun albasa aka ɗaure?" Ya kwance na tsakiya. "Hagu ake fara rufewa, sannan dama ta hau kai. Ko wannan wayar ba ta faɗa muku ba?" Kowace magana sai zauren ya ɗauka, wasu har suna buga kujera. Shi ko a jikinsa. Ya gyara yadin a nitse, yana ɗaga hannun yaron a hankali yana mayarwa, kuma lasifika ta kawo mana abin da yake faɗa ƙasa-ƙasa, irin na wanda ya saba.

"Yi haƙuri. Yi haƙuri."

Ya zo ɗaurin kai. Nan ya ɗan tsaya. Sannan ya kwance ya buɗe fuskar.

Tabish ya runtse ido gam. An shafa masa farar hoda don ya yi kama da gawa, hawaye sun yi hanya biyu a cikinta sun gangara cikin kunnuwansa. Tsohon ya tsaya yana kallon fuskar nan, ya daɗe, har dariyar ta fara lafawa. Sai ya ɗora bayan hannunsa a kumatun, daidai yadda yake taɓa ruwa.

"Wannan bai huce ba," in ji shi.

Zauren ya sake rushewa.

"Shekara arba'in ina aikin nan, ban taɓa samun mai ɗumi ba." Ya buɗe jaka ya ciro auduga, ya goge kunnen dama, ya goge na hagu. "Puttar, ɗana. Buɗe idonka."

Ya buɗe. A nan ne ya kamata ya tashi ya ce ya ji wanda ya tambayi abinci. Mutumin da ke cin abinci da bakinsa, wanda ba a taɓa rufe masa baki ba tun yana ɗan shekara uku, abin da ya iya fitarwa kawai shi ne, "Abba ji," yadda muke kiran uba cikin girmamawa. Mutum sama da ɗari shida suka yi shiru suna jiran ƙarashen barkwancin, da bai zo ba sai suka yi dariyar hakan ma.

Haji ya rufe jakarsa. "Tashi ka yi wa mutane abin da suka zo gani. In ka gama ka biyo gida ka wanke wannan hodar, ka yi kama da fatalwa. Zan ɗora ruwa."

Aka yi tafi kamar rufin zai faɗo. A duk zauren, ni da Hira ne kaɗai muka san ma'anar abin da aka faɗa, don maganar ruwan sai a ƙarshen wasa take zuwa. Hira tana jingine da bango tana kuka, mutane suna ɗauka dariya ce ta yi mata yawa.

Tsohon ya sauko ya zauna a kujerarsa. Tabish ya tashi, ya sha ruwa, ya lalubo muryarsa, ya yi wasan. Ya yi shi da kyau kuwa, ban taɓa jin ya yi kamar haka ba. Haji bai yi dariya ko sau ɗaya ba, sai dai da aka zo kan masu gudu da makara na ji ya ce, "Wannan gaskiya ne." Can wajen ƙarfe shida ya duba agogo, ya waigo ya raɗa mini magana, ya ɗauki jakarsa ya fita a duƙe ta gefen bango. Fitilun dandamali suna haske ido, Tabish bai ga fitarsa ba.

Ya zo ƙarshe. Ya zauna a bakin gadon, ya sauke murya, ya ce, "Babana mai wankan gawa ne." Ya sa hannu ya kare hasken, ya dubi kujerar farko.

Ba kowa a kanta.

Na ga fuskarsa ta faɗi, ta koma irin wadda yake yi a tagar gidana. Ni da ban taɓa ɗaga murya a taro ba, ko a ɗaurin aurena, na miƙe tsaye a gaban mutum sama da ɗari shida.

"Ya ce in faɗa maka gas ɗin unguwa yana ɗaukewa da magariba! Ya tafi ya ɗora ruwan tun da sauran wuta!"

Zauren ya kwashe da dariya. Tabish yana zaune a bakin gadon da likkafani a cinyarsa, ya sa fuska cikin yadin, kafaɗunsa suna rawa, su kuma suna ta tafi suna jira ya ci gaba.